Tsibirin da Aka Raba da Rula

Garuwa, Kamaru, 12 ga Oktoba, 2017

Yaya Mairamu,

"Madam Hajjo, ba faɗa na kira ki ba. Tambaya ce kawai: wa ya ba ki taswirar?" Da wannan shugaban makarantarmu, Mushe Michel, wato Malam Michel a bakin Faransa, ya tarye ni jiya tun ban zauna ba, kuma har yanzu ita ce a kunnena, shi ya sa ta riga gaisuwa fitowa. Ki yi haƙuri. Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Alhaji da yara da duk mutanen Yola. Ya ƙafar taki? Inna tana gaishe ki, ta ce man zafin da kika aiko ya fi na asibiti. 'Yata Fati ta warke daga murar, ta koma makaranta.

Za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Bilya direba alhali ga waya. A shingayen hanya yanzu jandarma sukan karɓi wayar mutum su karanta ta kamar jarida. Takarda da Hausa kuwa ba su da haƙurinta.

Ga abin da ya faru. Manhajar 'yan ajina ta kawo mu kan tsibiran tekun Pasifik. Na je ma'ajiyar makaranta neman taswira, na tarar da biyu: ta Turai, wadda Tarayyar Sobiyat ke raye a cikinta, da ta Afirka, wadda gara ta cinye tun daga Chadi har Masar. Ina ƙorafi a ɗakin malamai sai Mushe Nicolas, malamin Ingilishi, ya ce akwai wata a gidansa, ta mahaifinsa ce da ya koyar a makarantar mishan. Washegari ya kawo ta a naɗe a bayan babur. Mutumin Kumbo ne, can yankin masu Ingilishi. Ya daɗe a nan har yana ciniki da Fulatanci a kasuwa, amma tun da rikici ya tashi a yankinsu, kujerun da ke gefensa a ɗakin malamai sun zama na hutawa, ba mai zama a kansu.

Tsibirin sunansa Sabuwar Gini. Ba Ginin Konakiri ba ce, kada ki fara lissafin goro. Yana can arewa da Ostareliya, kuma in aka cire guda ɗaya babu tsibirin da ya kai shi girma a duniya. Kamanninsa kamar zabuwa ta miƙa wuya yamma. Duwatsu sun bi gadon bayansa tun daga wuya har jela, wasu da ƙanƙara a kansu duk da cewa zafin wurin bai bar namu a baya ba. Yaran suka yi dariya, don su a firji kaɗai suka san ƙanƙara. Na gaya musu akwai koguna da suka fi Binuwai, da fadamu da sai a yi kwanaki a kwalekwale ba a taka tudu ba, da harsuna ɗaruruwa, mutanen wannan kwari ba sa jin na wancan.

Sai layin. Daga arewa zuwa kudu aka ja shi ta tsakiyar cikin zabuwar, miƙaƙƙe da rula, sai wuri ɗaya da ya ɗan bi kogi kamar hannun mai zanen ya yi rawa. Yamma ta zama ta Holan. Gabas aka raba wa Jamus da Ingila. Jamus ta sha kashi a yaƙi aka karɓe rabonta. A nan ajin ya yi tsit, don ko daƙiƙin ajin ya san wata ƙasa da aka karɓe daga hannun Jamus aka raba. Na ci gaba. Na ce yau gabas ƙasa ce mai tutarta, yamma kuwa tana cikin Indonesiya, kuma har yanzu akwai masu faɗa a dazukanta.

Halime, wadda ta fi kowa ƙoƙari, ta ɗaga hannu ta ce, "Madam, an tambayi mutanen?" Na ce an tambayi waɗanda aka zaɓo, a cikin ɗaki, da sojoji a bakin ƙofa. Ta rubuta da kyakkyawan rubutunta. Mahaifinta babba ne a jandarma, kuma uba ne mai duba littattafan 'yarsa. Kullum muna roƙon iyaye su riƙa yin haka.

Na ce wa Mushe Michel ban ambaci Kamaru ko sau ɗaya ba. Ya ce shi ne laifin, na bar wa yara su ambata da kansu. Na ce taswirar tawa ce tun ina jami'a a Ngaundare. Ya dubi rubutun Ingilishin da ke jikinta, ya dube ni, ya ce to, shi haka zai rubuta. Ba mugu ba ne, Yaya. Saura masa kaɗan ya yi ritaya, kuma yana so ya yi ta a gidansa.

Kada ki gaya wa Inna komai a waya. Ki gaida Alhaji, ki shafa mini kan auta.

Ƙanwarki,
Hajjo


Garuwa, 27 ga Oktoba

Yaya Mairamu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Amsarki ta iso, da atamfar Fati, mun gode, Allah ya ƙara buɗi. Kin ce in ba su haƙuri kawai a wuce wurin. Na so in yi, sai dai ban gano wa zan ba haƙurin ba, gwamnati ko Indonesiya.

An dakatar da ni daga aiki. Jandarma biyu suka zo suka ɗauki taswirar, ɗaya yana tuƙa babur, ɗaya ya rungume ta a baya kada ta gudu. Ni kuma aka kira ni ofishin hukuma gaban wani kwamiti. Ba kujera, amma akwai fanka. Wani mai anini a kafaɗa ya shimfiɗa taswirar a tebur, a juye, ya ɗora yatsa a kan layin ya ce, "Wane ɓangare kike goyon baya?" Na ce ni malamar labarin ƙasa ce, duwatsu nake goyon baya. Ba wanda ya yi dariya. Ya karanta mini cewa Kamaru ɗaya ce, ba ta rabuwa. Na ce haka nake koyarwa kowace shekara, da maki a kai. Sai suka koma tambayarsu ta asali, wa ya ba ni. Na maimaita abin da na faɗa.

Ba ni suke nema ba, Yaya, ki kwantar da hankalinki. Bahaushiyar Garuwa mai takaba a bayanta da 'ya ɗaya ba ta cika rahoto. Malami ɗan Kumbo da ya shigo da taswirar ƙasa rababbiya cikin aji, shi ne rahoton da ake ƙara wa mutum girma da shi. In na tsaya a kan maganata, iyakarta a jefa ni Tinyer ko Kolofata in koyar a ƙarƙashin bishiya. In sunansa ya fito, dokar ta'addanci ce da kotun soja a Yawunde, kuma waɗanda suka tafi can ba a cika jin ranar dawowarsu ba.

Mushe Nicolas da kansa ya tare ni a bakin kasuwa, wajen masu kifi, ya ce zai je ya faɗa. Ya ce shi ba a yi masa tarbiyyar ɓuya a bayan mace ba. Na ce, "Mushe, bayan nawa ba shi da faɗi, amma ka yi maneji." Na tuna masa 'ya'yansa uku, da na ƙanensa biyu da aka kawo masa tun da aka rufe makarantu a garinsu. Ya mayar da ido kan tarwaɗa a cikin baho. Daga baya ya ce mahaifinsa ya fi son taswirar nan da duk kayansa, don wai ita ce wuri mafi nisa da ya mallaka. Muka rabu a kan zai yi shiru. Da yamma matarsa Jeanne ta zo har unguwarmu Hausare da kwanon miyar ganye irin tasu, ta riƙe hannuna da hannu biyu.

A gida kuwa labari ya riga ni isowa. Kawu Muntaka ya rufe shagonsa tun la'asar, abin da rasuwa kaɗai ke sa shi yi, ya kira ni ɗakin Inna. Kin san huɗubar. Kakanmu ya zo daga Kano da jakuna, Jamus ta zo ta tafi, Faransa ta zo ta tafi, ba a taɓa rubuta sunan gidanmu a ofis ba sai a takardar haraji. Mu 'yan kasuwa ne, duk wanda ya hau kujera mu kai masa gaisuwa. Ya tambaye ni ko muna da dangi a wannan Ginin da har zan zubar da aikina dominta. Na ce a'a. Ya ce ko ana kawo kaya daga can. Na ce ban ji ba. Ya ce to Allah ya shirye ni.

Sai ya sa aka saki labule, ya rage murya ya ce, "Hajjo, ni ne ubanki yanzu. Tsakaninki da Allah, a ɗakin uwarki, ta wace ce?" Inna tana zaune a bakin gado tana kuka ba sauti. Na iya yi wa mai anini ƙarya ido cikin ido, amma kin san ɗakin nan, kin san muryar nan. Na gaya masa. Na kuma gaya masa dalilin da ya sa ba za a faɗa ba, dalla-dalla, kamar ina aji. Ya gyaɗa kai ya ce ya fahimta, maganar gida ce, kuma na yi halin mutanen kirki. Har ya sa mini albarka.

Na ji sauƙi bayan na faɗa, ban ɓoye miki ba. Yanzu ina gida ina taya Inna tsinar shinkafa, ina jiran a gaya mini wane daji ne nawa. Ki yi mana addu'a. Fati tana gaida 'yan'uwanta.

Taki,
Hajjo


Garuwa, 9 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Mu ma jikinmu lafiya.

Na san Inna ta kira ki da albishir, na ji guɗarki ta cikin waya. An mayar da ni aiki, ba canji, ba ko gargaɗi. Inna ta yi sadakar masa, maƙwabta suka cika gida. Bari in gaya miki ragowar, wadda ba a yi wa masa ba.

Ran Jumma'a bayan masallaci Kawu ya tara dattawan unguwa, suka sa manyan riguna, aka ɗora rago a bayan mota da huhun goro, suka tafi gaida hukuma. Kin san yadda ake yi, haka suka je lokacin da aka kama ɗan Malam Dawuda da man fetur na sumoga. Ba a zuwa da gardama. A zauna a ƙasa, a yi addu'a ga shugabanni, a ce yaro ya yi kuskure, a nuna inda kuskuren ya fito. Ba wanda ya gaya mini za su je. Ba a shawara da wanda ake ceto.

Ran Litinin na shiga makaranta na tarar da babur ɗin Mushe Nicolas a jingine a bakin ƙofa, mabuɗi a jiki. Mai gadi ya ce tun kafin a ɗaga tuta suka tafi da shi. Ya ce bai yi musu ba, ya roƙi kawai a bar shi ya miƙa wa wani takardun jarrabawar yara da ya gyara. A ɗakin malamai kowa ya tashi ya yi mini barka. Wata har ta rungume ni.

Ban shiga aji ba, na hau kilando, acaɓarmu ta nan, zuwa babbar kasuwa. Kawu yana auna wa wata mata shadda. Ya gama, ya naɗe, ya yi mata rakiya da addu'a, sannan ya dube ni. Ya ce bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Ya ce musu 'yarsu marainiya ce, ba ta jin Ingilishi, baƙo ya miƙa mata abu ta karɓa da zuciya ɗaya. Na ce ni na roƙa. Ya ce wannan ba a tambaye shi ba. Na ce ka ce maganar gida ce. Ya ce, "Gidan na tsare ai. Ke kina ganin Kolofata wasa ce? Wa zai riƙe Fati in aka dasa miki bam a hanya? Shi ma yana da nasa dattawan, su je masa." Dattawansa, Yaya, rabinsu suna daji, rabi sun tsallaka ƙasarku.

Daga nan na wuce ofishin. Mai aninin ya karɓe ni da fara'a, wannan karon har da kujera. Na ce na zo gyara magana: ni na nemi taswirar, ni na tsara darasin, mutumin bai san abin da zan faɗa ba. Ya saurara har na gama. Ya ce manyan mutane masu furfura sun zauna a nan sun rantse cewa an yaudare ni. Ya ce, "Madam, kina nufin dattawanki sun yi wa hukuma ƙarya a kan maganar tsaron ƙasa? In haka ne ki faɗa, in rubuta, in aika a kira su ɗaya bayan ɗaya." Ya cire murfin biro ya jira. Na tuna Kawu da ciwon sukarinsa, da Malam Dawuda da ba ya gani sosai, da shagunansu. Fanka tana ta juyawa. Ya mayar da murfin, ya ce in gaida gida.

Kin sha cewa bakina ne zai kashe ni. Ga shi an zo wurin da ake bukatarsa, bai buɗe ba.

Mushe Michel ya ce in sake darasin don a goge na farko daga kan yara, da wakilin hukuma a bayan aji. Na zana zabuwar da alli a allo. Na yi duwatsu, na yi koguna, na yi ruwan sama da itatuwa. Ban ja layi ba. Na tambaya ko akwai mai tambaya. Babu. Halime tana kallon tebur tun farko har ƙarshe. Wakilin ya ce darasi ya yi kyau, bai taɓa sanin akwai ƙanƙara a can ba.

Ki gaida Alhaji. Kada ki kira Kawu a kan wannan, ba abin da zai ƙaru.

Hajjo


Garuwa, 30 ga Nuwamba

Yaya Mairamu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Alhaji da kika ce yana fama da hawan jini? Allah ya ƙara sauƙi. Inna lafiya, sai dai ta lura ba na cin abinci tare da su, tana ta aiko Fati da kwano.

Na karanta wasiƙarki sau da yawa. Kin ce Kawu ya yi abin da kowane uba zai yi, kuma da kina nan da ke ma kin bi su da mayafinki. Na yarda. Abin da ya fi damuna ke nan, ba wanda zan nuna in ce ga mugun. Kin ce in zo Yola in huta idan an yi hutu. Zan duba. Amma daga nan zuwa wurinki ma sai na tsallaka layi, na nuna takarda, na bayyana wa wani yaro mai bindiga dalilin da ya sa 'yar'uwata uwa ɗaya uba ɗaya take wata ƙasa.

An wuce da Mushe Nicolas kudu. An kai shi Ngaundare a mota, daga can jirgin ƙasa. Wani lauya da cocinsu ya samo ya ce ba a sa ranar shari'a ba, kuma kada a yi gaggawar sa rai. Na rubuta bayanin gaskiya na kai wa lauyan. Ya karanta, ya ce zai ajiye, amma takardar matar da hukuma ta riga ta wanke a matsayin wadda aka yaudara ba ta da nauyi, sai dai ta jawo wa wasu. Ya tambaye ni ko na shirya wa hakan. Na ce zan yi tunani. Har yau tunanin nake yi. An kawo sabon malamin Ingilishi, ɗan Marwa ne, yana zaune a kujerarsa, kuma kujerun gefe sun samu masu zama.

Shekaranjiya na je unguwar Rumde Ajiya, gidan da iyalin Mushe Nicolas suke haya. Na daɗe ina ɗagawa. Na yi dambun nama, na sayi buhun shinkafa ƙarami, na ɗora a kilando. Tun daga bakin layi na ga katifu a ɗaure da igiya a tsakar gida. Mai gidan ya ba su zuwa ƙarshen wata, ya ce ba ya son jandarma su saba da ƙofarsa. Ba su da inda za su koma a Kumbo. Za su bi shi Yawunde, wurin wata 'yar'uwar Jeanne mai ɗaki ɗaya, don a samu mai kai masa abinci.

Jeanne ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ce in shiga ba. Ta rame. Yaran suna leƙe ta bayanta. Na gaishe ta da Faransanci, ta amsa. Na fara bayanin da na shirya tun a hanya, yadda aka yi, wa ya faɗa, a wane ɗaki. Ta ɗaga hannu ta ce ta sani, duk garin ya sani, an ce dangina suna sona ƙwarai. Ba da gatse ta faɗa ba. Da gatse ne da na ji daɗi, don shi na iya.

Ta dubi buhun ta ce wa babban ɗanta ya shiga da shi, don ba ta da halin yin zuciya da shinkafa. Sannan ta ce, "Madam, yaran nan suna ta tambayata ina ne wannan tsibiri da aka kama babansu a kansa. Ni ban yi karatu mai nisa ba. Ke kin taɓa zuwa?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Shi ma bai taɓa ba."

Ta ja ƙofar a hankali, kamar mai gudun tada jariri. Na tsaya har na ji ta zura sakata. Mai kilandon yana jirana a inuwa, na sallame shi, na taho da ƙafa.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Hajjo